Littafi a Cikin Gida: Darasi Daga Sarki Yosiya da Ɗansa

Darasinmu na wannan wata a kan karatun littattafai ne, musamman waɗanda su ke maganar bangaskiya, da zaman aure, da renon 'ya'ya. Kafin ka ci gaba, ɗan'uwa, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta 2 Sarakuna sura 22 da 23, sa'an nan Irmiya sura 36, gama a kansu darasin ya ke tsaye.

Mun rubuta shi muna tunawa da 'yan'uwanmu na Boɗinga da Shagari, a kan hanyar da ta fito daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. Masu-bi a waɗannan garuruwa kima ne, da yawansu kuwa aiki ne ya kai su: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, masu shaguna, da samari da 'yan mata masu hidimar ƙasa. Dattijon da zai ba su shawara yana can gida nesa, goggon da za ta sulhunta miji da mata ma haka. Saboda haka sau da dama littafi ne ya ke zama a mazaunin dattijo. Tun da ya ke haka ne, ya kamata mu san yadda a ke karɓar maganarsa, domin littafin da ya gyara gidan wani, shi ne kuma ya kan ƙara wa wuta itace a gidan maƙwabcinsa.

ƘASAR KARATU CE

Wanda ya ke zaune a Boɗinga ko Shagari yana zaune a ƙasar da ta daɗe da sanin darajar takarda. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi 'yan shekaru a Sifawa, kusa da Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Abdullahi ya zauna a Boɗinga kanta, shi ma marubucin littattafai ne masu yawa. Shehu ya tsauta wa malaman da su ke koyar da almajirai a zaure, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa aika mata da a ke kira jajis su kai karatu ƙauyuka. Alhaji Shehu Shagari kuma, wanda a ka haifa a Shagari a 1925, malamin makaranta ne mai rubuta waƙa domin koyar da yara, tun kafin ya zama shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983.

Maƙwabtanmu Musulmi sun gaji wannan, har yau kuwa kana jin muryar yara suna karatun allo da asuba da almuru. Abin kunya ne fa a ce mai-bi yana zaune a tsakiyarsu, Littafinsa yana cikin akwati, ba a fito da shi sai ran Lahadi.

Mu ma ba da sauƙi karatu ya zo hannunmu ba. Schön, wani Bajamushe na mishan ɗin CMS, ya yi shekaru yana fama da harshen Hausa, wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu yana taimakonsa, har Sabon Alkawari ya cika a 1880. Dukan Littafi Mai Tsarki bai fito da Hausa ba sai 1932, bayan doguwar wahalar Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ta karɓi jiyyar masu ciwon kuturta a Amanawa, kusa da Sakkwato, a can kuwa waɗansu da duniya ta ƙi su ka koyi karatu. Yau ga littattafai a shago, ga su kuma cikin wayar hannu. Abin da ya rage shi ne zuciyar mai karatu.

UBA YA KECE RIGARSA

Yosiya ya hau gadon sarautar Yahuza yana da shekara 8. A shekara ta 18 ta sarautarsa, watau wajen shekara 622 kafin haihuwar Almasihu, ana cikin gyaran Haikali sai Hilkiya babban firist ya tsinci littafin Shari'a. Ya ba Shafan magatakarda, Shafan ya karanta shi a gaban sarki.

Ku lura da abu 4 da Yosiya ya yi. Da fari ya kece rigarsa, gama ya ga maganar ta shafe shi, shi da kansa. Na biyu, bai dogara ga nasa fahimi kaɗai ba, ya aiki manyan fadawansa wurin annabiya Hulda su nemi bayani. Sarki ne, amma bai ji kunyar neman sani wurin mace ba. Na uku, ya tara jama'a duka, manya da yara, ya karanta musu littafin da bakinsa. Na huɗu, ya tashi ya yi aiki: ya fitar da kayan gumaka daga Haikali, ya rushe bagadansu, ya sa a ka kiyaye Idin Ƙetarewa. Daga kunne maganar ta shiga zuciya, daga zuciya ta fito hannu.

ƊA YA KECE TAKARDA

Sa'ad da a ka tsinci littafin nan, Yosiya yana da ɗa mai kimanin shekara 12. Shi ne ya zama sarki Yehoyakim daga baya. A shekara ta 5 ta sarautarsa, cikin wata na 9, lokacin ɗari, yana zaune yana jin wuta a kasko, a ka kawo masa littafin da Baruk ya rubuta daga bakin annabi Irmiya. Wani bafada mai suna Yehudi ya shiga karantawa. In ya karanta sashi uku ko huɗu, sai sarki ya sa wuƙar fiƙe alƙalami ya yanke, ya jefa cikin wuta, har littafin ya ƙare ƙurmus. Marubucin surar ya kula ya gaya mana cewa ba wanda ya tsorata, ba kuwa wanda ya kece rigarsa. Lalle yana so mu tuna da uban.

Halin Yehoyakim a gida ya yi daidai da halinsa a gaban littafi. Irmiya sura 22 ta nuna shi yana gina wa kansa babban soro, yana sa talakawa aiki ba lada, alhali ubansa ya kasance mai yi wa matalauta shari'ar gaskiya. Ƙona takardar kuma bai amfane shi da kome ba. Irmiya ya sake faɗa, Baruk ya sake rubutawa, har da ƙari a kan na fari.

Iyaye, ga gargaɗi a nan. Ana gadon gona, ana gadon akwatin littattafai, amma zuciya mai rawar jiki a gaban maganar Allah kowa sai ya roƙi tasa. Littafi Mai Tsarki bai ɗora wa Yosiya laifin ɗansa ba, mu ma kada mu yi saurin hukunta iyayen da ɗansu ya kauce. Duk da haka kada kowa ya ce, tun da ni ina karatu, 'ya'yana sun tsira.

Ga kuma ƙarfafawa. Ku dubi gidan Shafan, wanda ya karanta wa Yosiya. A ɗakin ɗansa Gemariya ne Baruk ya karanta littafin Irmiya ga jama'a. Jikansa Mikaiya ne ya ji, ya ruga ya gaya wa fadawa. Gemariya yana cikin mutum uku da su ka roƙi sarki kada ya ƙone littafin. Ahikam ɗan Shafan ne ya tsare Irmiya daga kisa (Irmiya 26:24). Daga kaka har jika, gidan magatakardan nan ya riƙe girmama maganar Allah, a lokacin da gidan sarauta ya yar da ita.

WUƘAƘEN ZAMANINMU

Ba mai-bi da zai ɗauki wuƙa ya yanke Littafi Mai Tsarki. Amma akwai hanyoyin yankewa ba tare da wuƙa ba, su ne kuwa mu ke gani kullum sa'ad da littafin zaman iyali ya shigo gida.

Akwai mai karanta wa wani. Maigida ya sami littafi a kan aure, ya bi shi da jan alƙalami, duk inda a ka yi maganar biyayyar mace ya ja layi, sa'an nan ya ajiye shi a inda uwargida za ta gani. Surar da ta ce miji ya ba da ransa domin matarsa, wannan ya tsallake ta. Uwargida ma ta kan yi haka: ta dawo daga taron Zumuntar Mata da littafi, ta ce, “Maigida, ga naka nan an rubuta.” Wanda ya yi haka ya mai da littafi sanda. A Afisawa sura 5 kuwa Bulus ya yi wa mata magana cikin ayoyi kaɗan, ya yi wa maza cikin ayoyi masu yawa, kowa da nasa rabo. Ka fara cin naka tukuna.

Akwai mai hawaye. Shi littafi yana taɓa shi ƙwarai, ya kan ce bai taɓa karanta irinsa ba, ya ba abokai labari, ya aika wa mutane ta WhatsApp. Bayan mako biyu tsawar da ya ke yi wa yara tana nan, kuɗin cefane kuma sai an yi faɗa. Yaƙub ya kwatanta irin wannan da mutumin da ya duba madubi, ya juya baya, ya manta da kamanninsa. Ruwan da ya sauka a kan fako ke nan, ya jiƙa sama, ya gangare.

Akwai kuma mai karaya. Ita wannan 'yar'uwa ta karanta labarin gida mai salama, inda miji da mata su ke addu'a tare kowace safiya, yara duka masu ladabi. Ta dubi nata ɗaki ɗaya na haya, da miji mai aikin dare, da albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ta ce nata auren ya riga ya lalace. 'Yar'uwa, ki karanta Nehemiya sura 8. Da Ezra ya karanta Shari'a, jama'a su ka fashe da kuka, amma shugabanni su ka hana su, su ka ce su tafi su ci, su sha, su aika wa marasa abinci da rabo. Baƙin cikin da ya fito daga wurin Allah yana tashe mutum tsaye. Wanda ya ke kwantar da mutum ya hana shi motsi, daga wani wuri ya fito. Ki tuna kuma, marubuci ya kan zuba kyawawan kwanakinsa a takarda, sauran ya bar su a gida.

KAYAN ƊAKIN WATA AMARYA

A Ingila an yi wani makerin gyaran tukwane mai suna John Bunyan, wanda a ka haifa a 1628. Shi da kansa ya ba da labari cewa sa'ad da ya yi aure, shi da amaryarsa ba su da ko akushi ko cokali. Abin da ta shigo da shi kaɗai littattafai 2 ne na ibada da mahaifinta ya bar mata. Su kan zauna su karanta tare, tana ba shi labarin halin tsoron Allah na mahaifinta.

Abin da ya sa mu ka kawo shi, shi ne gaskiyar da ya faɗa a kan abin da ya ji. Bai ce littattafan sun juya shi dare ɗaya ba. Ya ce ba su kai ga farkar da zuciyarsa ba, sai dai sun sa masa marmarin addini. Ya yi shekaru yana kokawa kafin ya sami salama cikin Almasihu. Daga baya a ka ɗaure shi shekara 12 a kurkukun Bedford, daga 1660 zuwa 1672, saboda wa'azi ba da izinin hukuma ba, abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne rabuwa da 'yarsa makauniya. A 1678 ya fitar da littafinsa na tafiyar mai-bi daga birnin hallaka zuwa birnin sama, wanda a ka juya cikin harsuna masu ɗimbin yawa. A 1684 ya ƙara kashi na biyu, labarin matar mutumin da 'ya'yansa suna bin sawunsa.

To, iyayen amarya, muna tara gado da katifa da kwanoni da tukwane, har mu ci bashi. Nawa ne cikinmu su ke sa Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi cikin kayan ɗaki? Ku kuma da ku ke karatu tare ba ku ga canji ba tukuna, kada ku daina. Ba a shuka gero yau a yi girbi gobe.

A TANKAƊE KAFIN A TUƘA

Littafi Mai Tsarki shi kaɗai ne ma'auni. Sauran littattafai, kome sunan marubucinsu, aikin mutane ne. An yabi mutanen Biriya (Ayyukan Manzanni 17) domin sun karɓi wa'azin Bulus da marmari, suna kuma bincike cikin Littattafai kowace rana su ga ko haka ne. In an auna maganar manzo, balle ta wani marubucin zamani.

Yawancin littattafan zaman iyali da su ke zuwa mana an rubuta su ne a Amurka ko Turai, domin gidan da ba kowa ciki sai miji da mata da 'ya'yansu. Gidanmu kuwa akwai kaka, akwai ƙanen miji mai karatu, akwai 'yar riƙo, akwai baƙon da ya zo kwana biyu ya yi wata. Saboda haka sai a sa rariya, a raba gari da tsaki.

Ga misali. A 1992 wani Ba'amurke mai suna Gary Chapman ya fitar da littafi a kan hanyoyi 5 da mutane su ke nuna ƙauna: kalmar yabo, zama tare, kyauta, hidima, da taɓa jiki. Garin da ke ciki mai kyau ne, watau ka koyi abin da ke faranta wa matarka rai, kada ka ɗauka irin naka ne. Amma in saurayi ya ce sai ya riƙe hannun amaryarsa a tsakiyar kasuwar Boɗinga domin littafi ya faɗa, ya kunyata ta, ya kuma ba maƙwabta abin magana a kan masu-bi. Ba a rasa hanyoyinmu ba: tsarabar kasuwa, ɗebo mata ruwa ran da ba ta da lafiya, ce mata “sannu da aiki” a gaban yara, zama a ci tuwo ba tare da waya a hannu ba.

Wani misali. Walter Trobisch, Bajamushe ne da ya yi koyarwa a Kamaru, ya rubuta littattafai a kan neman aure da zaman aure domin samarin Afirka, ɗaya a farkon shekarun 1960, wani a 1971. Ya tsaya a kan Farawa 2:24, inda a ka nuna abu uku: barin iyaye, manne wa juna, da zama jiki ɗaya. Wannan gaskiya ce da gidajenmu su ke bukata, gama aure da yawa ya mutu domin miji ya kasa tsare matarsa daga bakin danginsa. Amma wanda ya karanta “bari” ya daina aika wa tsohuwarsa hatsi, bai karanta 1 Timoti sura 5 ba, inda a ka ce mai ƙin kula da danginsa ya yi musun bangaskiya. Bai kuma karanta labarin Rut da surukarta Na'omi ba. Aya ba ta kashe 'yar'uwarta.

Akwai kuma littattafan da tsakinsu ya fi garinsu yawa. Duk wanda ya koya maka cewa matsalar gidanka maita ce ta surukarka, ko ya ce ka aiko da kuɗi a buɗe maka arziki, ko ya ba miji izinin dukan mata, ka ajiye shi, ka nuna wa fasto ko dattijon ekklesiya, kamar yadda Yosiya ya aika wurin Hulda.

YADDA ZA A FARA

Ku zaɓi lokaci ɗaya, ko bayan tuwon dare, ku riƙe shi. Minti 15 kullum ya fi awa 3 sau ɗaya a wata. Ku fara da Littafi Mai Tsarki, sa'an nan shafi ɗaya ko biyu na wani littafi. A karanta da murya, domin kaka da wanda bai yi makaranta ba su sami rabo. In littafin na Turanci ne, wanda ya iya ya juya shi da Hausa ko da harshen gida. A ba yara su ma su karanta, ko da suna tuntuɓe. Timoti tun yana ɗan yaro ya san Littattafai, ta wurin uwarsa Afiniki da kakarsa Loyis.

Bayan karatu kowa ya faɗi abu ɗaya da maganar ta nuna masa game da kansa. Maigida ne zai fara. Ran da yara su ka ji ubansu ya ce wa uwarsu, “Ki gafarta mini, na yi miki magana da zafi,” sun koyi abin da littafi goma ba za su koya musu ba. Sa'an nan a zaɓi aiki ɗaya na wannan mako, ƙarami wanda a ke iya gani: biyan yarinyar da ke taya aiki hakkinta a kan kari, ko gai da maƙwabcin da a ka yi wata ba a gaisa ba.

Inda masu-bi su ke kima, littafi kada ya kwana a akwatin mutum ɗaya. Gida 5 in kowanne ya sayi littafi ɗaya su ka riƙa musaya, kowa ya karanta 5. Wanda a ka yi wa canjin wurin aiki, ya bar ɗaya domin mai zuwa bayansa.

TAMBAYOYI DOMIN BINCIKE

1. Waɗanne abubuwa 4 Yosiya ya yi bayan ya ji karatun littafin? Wanne ne ya fi yi maka wuya?

2. Mutum nawa daga gidan Shafan ka samu cikin Irmiya sura 26 da 36? Me kowannensu ya yi?

3. Cikin littafin da ka karanta na ƙarshe, wace sura ce ka yi saurin wucewa? Don me?

4. Kawo abu ɗaya daga littafin baƙi wanda umurnin Allah ne, da abu ɗaya wanda al'adar ƙasarsu ce kawai.

5. Wa ke cikin gidanku da bai iya karatu ba? Wa zai riƙa karanta masa, a wane lokaci?

Cikin addu'arku ta wannan wata ku tuna da gidajen masu-bi na Boɗinga da Shagari da ƙauyukan kewaye. Ku roƙi Ubangiji ya ba su zaman lafiya da maƙwabtansu, ya ba iyaye zuciya mai taushi irin ta Yosiya, ya kuma sa 'ya'yansu da jikokinsu su tashi kamar na gidan Shafan. Amin.